Ɗayyabu da Haruffa Masu Ƙugiya

A Roni ana ce masa Malam Ɗayyabu na kwamfuta, saboda shi ke koyar da wannan darasi a wata makarantar sakandare ta garin. Dogo ne, siriri, ba shi da yawan magana, kuma idan yana tafiya za ka ga ya ɗan ranƙwafa, irin na wanda ya daɗe a gaban tebur. Waɗanda suka san shi a Kazaure yana saurayi sun ce da ba haka yake ba. A da mai gardama ne, mai dariya da ƙarfi, kuma da wuya ka gan shi ba tare da abokinsa Monday ba.

An haife shi a wata ruga tsakanin Roni da Gwiwa. Danginsa Fulani ne da suka daɗe da zama wuri guda, suna noman gero da wake, suna kiwon 'yan shanun da suka rage. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai yayan mahaifiyarsa ya riƙe shi, wanda duk rugar ke kira Kawu. Kawu yana Fulatanci da tsofaffi da shanu, amma da yara Hausa yake yi, don haka Ɗayyabu ya tashi yana jin Fulatanci ba tare da ya iya mayarwa sosai ba. Kiwo kuwa bai karɓe shi ba. Za a ba shi garke da safe, ya zauna ƙarƙashin kuka yana kwance tsohuwar rediyo don ya ga abin da ke magana a ciki, shanu kuma su shiga gonar mutane. Da abin ya ishi Kawu, sai ya ce, "Wannan shanu ba sa jin maganarsa. A kai shi boko, ko can zai yi amfani."

Haka ya yi firamare da sakandare, ya samu shiga karatun kwamfuta a Kazaure. A aji ɗaya suka haɗu da Monday. Mahaifin Monday, Emma, kafinta ne daga kudancin Kaduna da aiki ya kawo Kazaure, ya zauna, ya rasu, aka binne shi a nan. A unguwar Kanti aka haifi Monday, a nan ya yi wasan ƙasa, a tafkin garin ya koyi iyo. Idan yana magana a bayan katanga, za ka rantse jikan wani dattijon garin ne. Mahaifiyarsa, Mama Angela, tela ce mai ɗinka kayan makaranta, kuma da Hausa take yi masa faɗa, da Hausa suke waƙa a cocinsu. Ɗayyabu ya mayar da gidan nasa. Can yake cin tuwo, can yake wanki. Mama Angela ta ajiye masa buta da tabarma a bayan ƙofa, kuma idan aka kira salla yana zaune yana surutu, ita ke cewa, "Tashi, ɗan nan, ba ka ji ba ne?"

Da suka gama karatu, wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Halliru ya ɗauke su aiki a shagon intanet da ya buɗe kusa da tasha. Lokacin wayoyi ba su yi wayo ba. Duk mai son duba sakamakon jarrabawa, ko neman aiki, ko rubuta wa ɗan'uwansa da ke ƙasar waje, sai ya zo shagon ya jira layi. Monday mai saurin hannu ne, yakan sallami mutum uku kafin Ɗayyabu ya gama da ɗaya. Shi Ɗayyabu matsalarsa ita ce in abu ya yi aiki sai ya san dalili, in bai yi ba ma sai ya san dalili.

Wata rana ya buɗe wa kansa sabon adireshin imel, ya sha wahala har ya samo yadda zai rubuta sunansa daidai, da Ɗ mai ƙugiya. Ya aika wa Monday saƙo daga wannan tebur zuwa wancan don gwaji. Monday ya buɗe, ya fashe da dariya, ya juyo da allon kwamfutar. A wurin sunan mai aikowa, alamar tambaya ce zaune a inda Ɗ take, sauran haruffan na biye da ita. Daga ranar Monday ya sa masa suna Malam Tambaya.

Monday ya yi dariyarsa ya manta. Ɗayyabu bai manta ba. Ya yi ta tono har ya gano cewa kowane saƙon imel kashi biyu ne. Akwai jikin saƙo, wato abin da mutum ya rubuta, akwai kuma kan saƙo, wasu layuka da ke samansa, waɗanda mai karatu kaɗan kawai yake gani daga cikinsu. Layi ɗaya na faɗin daga wa saƙon ya fito, wani na faɗin wa za a kai wa, wani batun saƙon, wani ranar da aka aika, wasu kuma na faɗin manyan kwamfutocin da ya ratsa a hanya. Waɗanda suka tsara abin tun farko haruffan Turanci kaɗai suka yi wa wuri a waɗannan layuka. In kana son ɗ ko ƙ ko ɓ su wuce lafiya, dole a naɗe su cikin wani rubutu na musamman, a sa alama a farko da ƙarshe, manhajar da ke wancan gefen kuma ta kwance naɗin. Ƙa'idar tana nan a rubuce, amma manhajoji da yawa ba sa bin ta daidai. Wata ta ƙi naɗewa, wata ta naɗe ta kasa kwancewa.

Ya buga ƙa'idar a takarda, ya zauna da ƙamus yana bin ta layi-layi. Ya ce wa Monday, "Ka ga, ba laifin harafin ba ne. Masu ɗaukarsa ne ba su iya riƙo ba."

Monday ya ce, "Allah ya ba ka sa'a, Malam Tambaya. Ga wata baiwar Allah can tana jira tun ɗazu."

Bayan 'yan shekaru dama ta zo musu. Wata ƙungiya mai aikin lafiyar dabbobi a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa tana neman wanda zai rubuta mata manhaja. Abin da suke so shi ne manhajar ta riƙa aika sanarwa ga malaman dabbobi da ke ƙauyuka, ta karɓi amsoshinsu, ta jera su bisa sunan mai aikowa da batun saƙo. Jami'in ƙungiyar, Malam Ashiru, yakan zo shagon, kuma ya ga yadda samarin ke aiki. Ya tsaya musu har aka ba su, da sharaɗin su gama kafin rigakafin da ake yi gab da damina.

Suka raba aikin. Monday ya ɗauki fuskar manhajar da jikin saƙo, Ɗayyabu ya ɗauki kan saƙo. Da farko ya zaci abu ne na mako biyu. Sai ya tarar duk ramin da ya cike, wani na buɗewa a gabansa. Wani malamin dabbobi yana rubuta sunansa da waƙafi a tsakiya, sunan nan sannan garinsu, manhajar sai ta ɗauka mutum biyu ne. Idan batun saƙo ya yi tsawo, ƙa'ida ta ce a karya shi zuwa layi na biyu, to amma harafi mai ƙugiya a cikin kwamfuta yanki biyu ne, in karyawar ta faɗo a tsakiyarsa sai ya lalace. Ta wajen Babura kuma akwai abokan aiki na tsallaken iyaka da ke amsawa da Faransanci, haruffansu da 'yan huluna a ka, kowane da irin naɗin da manhajarsa ta ga dama. In ya gyara saƙon malamin Kanya Babba, sai na Achilafiya ya karye.

Monday ya gama nasa tun da wuri. Yana neman auren Christy, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, an ma sa rana. Kuma shekarar ba ta da daɗi. Ana zaman ɗar-ɗar a garuruwan arewa, wasu baƙi suna haɗa kaya suna komawa garuruwansu. A Kazaure ba abin da ya taɓa gidan Mama Angela, amma dangi na ta kira daga gida suna tambayar me suke jira.

Wata ranar Laraba da azahar aka ɗauke wuta, janareta kuma yana wurin gyara. Shagon ba kowa sai su biyu, suna fifita da kwali. Monday ya ce, "Malam Ashiru ya sake kirana. Ɗayyabu, mu cire ƙugiyar nan daga kan saƙo kawai. Ɗ ta koma D, Ƙ ta koma K. Kowa zai gane. Mu miƙa aiki, daga baya ka gyara a natse."

"Malamin dabbobi ya rubuto batu, ya ce karayar ƙashi. Ka cire ƙugiya. Me ya rage?"

Monday ya yi dariya. "Ba wanda zai zaci kashi ne ya karye."

"Ba abin dariya ba ne. In muka miƙa shi haka, haka zai zauna. Ba wanda zai dawo ya ce a gyara."

"To ya zauna mana. Ko a allon shaguna haka ake rubutawa, gari bai tashi ba. Ka dube ni, aure zan yi. In aikin nan ya kuɓuce mana, ba mai sake ba mu wani a garin nan. Ba ni da gona, ba ni da shanu. Wannan ne nawa."

Ɗayyabu ya gaji, ga zafi, ga haushin cewa a ransa ya san akwai gaskiya a maganar. Ya ce, "Kai ai ba zai dame ka ba. Ba harshenku ba ne."

Monday ya daina fifita. Ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya ce a hankali, "To wanne ne nawa?"

Ɗayyabu ya san amsar. Monday bai iya komai a yaren mahaifinsa ba sai gaisuwa da sunayen abinci. Ya kuma san shi kansa, da Kawu yana wurin, da zai iya tambayarsa wanne ne nasa. Maganar ban haƙuri ta zo masa har baki, amma girman kai ya riƙe ta. Ya sunkuyar da kai yana jujjuya takardun ƙa'idarsa. Monday ya miƙe, ya ce, "Na ji," ya fita.

Washegari ya zo aiki kamar kullum, ya yi gaisuwa, ya share teburinsa. Ɗayyabu ya ji sanyi, ya ɗauka abin ya wuce. Sai da aka kwana biyu ya lura da wani abu. Da Alhaji Halliru Monday Hausa yake yi, da masu zuwa shago Hausa, da mai shayi Hausa. Amma idan ya juyo gare shi, sai ya koma Turanci. Ba da fushi ba, ba da gatse ba, cikin ladabi ma. Sunan Malam Tambaya kuma ya ɓace.

Monday bai sake maganar cire ƙugiya ba, Ɗayyabu kuma ya ji kunyar cewa ya yarda. Lokaci ya ƙure. Malam Ashiru ya zo da kansa ya ba su haƙuri, ya ce manyansa sun ba wani kamfani a Kano aikin. Kamfanin ya gama cikin ɗan lokaci, ba ƙugiya ko ɗaya a ciki, kuma aka yi rigakafin lafiya lau.

An yi bikin Monday da Christy. Ɗayyabu ne ya yi ta zirga-zirgar kujeru da rumfa, shi ya kawo rago daga ruga. Yana ganin wannan hidima za ta faɗi abin da bakinsa ya kasa. Monday ya gode masa ƙwarai, da Turanci. Bayan 'yan watanni ya samu aiki a wani kamfani a Fatakwal, ya ce zai tafi da matarsa da mahaifiyarsa. Ranar tafiya Ɗayyabu ya raka su tasha da magana a shirye, ya yi ta maimaita ta a hanya. Amma ana ta ɗaure keken ɗinkin Mama Angela a saman mota, tana kuka tana sallama da maƙwabta, direba na ta danna ham. Monday ya rungume shi ya ce ya kula da kansa. Mota ta tashi.

Daga nan sai Ɗayyabu ya ɗaura wa kansa wani alkawari mara kan gado. Ya ce zai gama manhajar kan saƙon, ta yi aiki ba kuskure, sannan ya je ya nuna wa Monday, ya ba shi haƙuri. A ganinsa in ya zo da abu a hannu, Monday zai ga ba a banza aka yi asarar ba. Shagon Alhaji Halliru ya fara mutuwa, domin mutane sun fara samun intanet a wayoyinsu. Ɗayyabu ya nemi koyarwa, aka tura shi Roni. Ya auri Shatu, 'yar wani abokin Kawu, mace mai fara'a da ba ta ɓoye abin da ke ranta. Suka samu 'ya, aka sa mata Mu'minat. Kullum bayan la'asar yakan zauna a zaure da tsohuwar kwamfutarsa, wadda yake kaiwa caji shagon mai sola, yana bin layukan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya tara saƙonni iri-iri da suka lalace a hanya, yana gwada manhajarsa a kansu. Ya koya mata ta gane naɗin da aka yi ba daidai ba ta kwance shi duk da haka. Ya koya mata ta karya dogon layi ba tare da ta raba harafi ba.

Shatu ta taɓa tambayarsa wane irin aiki ne wannan da ba ya ƙarewa, ba kuma wanda ya sa shi. Ya ba ta labarin duka, har da maganar da ya faɗa. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Malam, ga waya nan a aljihunka. Kira shi ka ce ya yi haƙuri. Magana ɗaya ce."

"Irin wannan ba a yin ta a waya. Sai ido da ido."

"To ka je mana."

"Zan je. Bari in gama."

Ya gama kuwa. Manhajar ta yi kyau, ƙarama ce, tsaf, tana yin abin da aka ce ta yi. Ya sa ta a intanet kyauta ga duk mai so. Wani mutum a Garwa ta ƙasar Kamaru ya ɗauka, ya rubuto yana godiya, ya ce ta yi masa maganin haruffan Fulatanci. Wata mata a Damagaram ta yi amfani da ita a wurin aikinsu. Ɗayyabu ya hau babur ya je ruga ya gaya wa Kawu, wanda a lokacin tsufa ya kama shi, cewa yanzu sunan Bafulatani na iya zuwa ko'ina a duniya ba a yanke masa kai ba. Kawu bai iya karatun boko ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Madalla. Ka gama ke nan? To sai ka huta."

Sai dai duniya ba ta tsaya jiransa ba. Cikin shekarun da ya yi a zaure, manyan manhajojin imel sun gyara kansu. Kayan aikin da masu rubuta manhaja ke ɗauka a shirye sun zo da wannan gyara a cikinsu, ba sai mutum ya nema ba. Malaman dabbobi kuwa sun daina imel ɗin ma, sai su danna waya su yi magana, saƙon murya ya tafi. Ban da mutumin Garwa da matar Damagaram da wasu 'yan tsiraru, ba wanda ya buƙaci abin da ya yi.

Duk da haka ya aika wa Monday. Amsa ta zo ranar, da Turanci. Monday ya ce ya duba, aiki ne mai kyau, sunan Ɗayyabu ya fito daidai, ya gaida Shatu da Mu'minat. Ɗayyabu ya karanta ya sake karantawa, bai ga wurin da zai kama ba. Yanzu ba shi da abin da zai kai a hannu, sai ya ji tafiyar ta ƙara yi masa nauyi.

Ba su yanke zumunci ba. Monday na kira da salla, Ɗayyabu na kira da Kirsimeti. Sukan tambayi iyali, su yi maganar tsadar rayuwa, su tuna Alhaji Halliru da janaretansa. Wani lokaci in hira ta yi daɗi, Hausa takan kuɓuce wa Monday, ya faɗi jimla ɗaya ko biyu da muryarsa ta Kanti, sai kuma ya koma. Kullum Monday na cewa ya zo Fatakwal ya ga teku. Kullum Ɗayyabu na cewa bayan damina, ko bayan jarrabawar yara, ko in jikin Kawu ya yi sauƙi. Kawu ya rasu, aka yi damina da yawa, Mu'minat ta shiga sakandare.

Wata ranar Talata da safe yana cikin aji, yana zana akwatin kwamfuta a allo, wayarsa ta yi ƙara. Christy ce. Ta ce Monday ya faɗi a wurin aiki, hawan jini, an kai shi asibiti bai farfaɗo ba. Dangin mahaifinsa sun ce a kai shi ƙauyensu a kudancin Kaduna. Ɗayyabu ya ce da yaran su kwafi abin da ke allo, ya fita ya tsaya a bayan aji.

Ya hau mota zuwa Kano, daga nan zuwa Kaduna, daga nan ya shiga wata. Ko da ya isa an riga an binne. Gidan cike yake da dangi suna magana da yaren da Monday bai iya ba, kuma yawancinsu sau ɗaya ko biyu suka taɓa ganinsa. Mama Angela na zaune a kan tabarma, ta rame, gashinta ya yi fari fat. Da ta gan shi ta kama hannunsa da hannu biyu ta ce, "Ɗana, ka zo. Ɗan'uwanka ya tafi ya bar ni." Ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Mama, sai haƙuri."

Da yamma Christy ta kawo masa ruwa, ta zauna nesa kaɗan. Ta ce, "Kullum yana maganarka. Duk wanda ya zo gidanmu sai ya ji labarin abokinsa na Kazaure da ba ya barin abu sai ya ga ƙarshensa. Me ya hana ka zuwa?"

Ya ce, "Akwai wata magana da na taɓa faɗa masa, kafin aurenku. Magana mara kyau. Ban taɓa ba shi haƙuri ba."

Ta ce, "Bai taɓa gaya min ba. Wace magana?"

Ya duba fuskarta, ya ga gajiya da kumburin ido, ya ga ba daidai ba ne ya ɗora mata wannan a ranar. Ya ce, "Ta aiki ce."

"To ka bar ta. In da ta dame shi da ya faɗa min. Monday ba ya riƙo."

Ya gyaɗa kai. A hanyar dawowa ya yi ta juya maganarta. Wataƙila gaskiya ta faɗa, wataƙila Monday ya yafe tun tuni, Turancin ya zama sabo ne kawai. Wataƙila kuma abin ya yi masa ciwon da ko matarsa bai iya gaya wa ba. Wanda zai raba masa wannan gardama ba ya nan, kuma har yau bai tsayar da ɗaya ba.

Bayan wata biyu Christy ta sake kira. Ta ce za ta ci gaba da aikinta a Fatakwal saboda makarantar yara, amma Mama ta ƙi zama can, ta kuma ƙi zama ƙauye. Ta ce Kazaure take so, inda kabarin mijinta yake, inda take da coci da ƙawaye. Ɗayyabu ya ce a bar masa wannan. Ya yi ta yawo a Kanti har ya samu ɗaki da 'yar rumfa a gidan wata tsohuwar maƙwabciyarta. Ya sa aka yi shafe, aka gyara ƙofa. Shi ya tare ta a tasha.

Manhajar tana nan a intanet. Mutumin Garwa ya rubuto kwanakin baya yana tambaya ko za a sabunta ta. Ɗayyabu ya amsa masa cewa ba buƙata, ya nuna masa sabon kayan aikin da ya fi tasa, ya yi masa bayanin yadda zai koma can. A makaranta kan saƙo ba ya cikin abin da aka ce ya koyar, amma sau ɗaya a zango yakan rubuta layukan kan saƙo a allo, ya nuna wa ɗalibai inda sunan mai aikowa yake da inda batu yake, su kwafa a littafi. Yawancinsu ba su taɓa aika imel ba.

Ranar Asabar kuwa ba ya karɓar wani uzuri. Yakan ɗaure gero da wake a bayan babur, Shatu ta ƙara da man shanu ko nono daga ruga, ya kama hanyar Kazaure. Mama Angela har yanzu tana ɗan taɓa ɗinki, faci da rage tsawon riga, amma ido ya yi rauni. Takan tara masa allurai a cikin gwangwani, ya zauna a bakin rumfa ya zura mata zare a kowace, fari da baƙi da shuɗi, ya soke su a jikin ƙyalle yadda za su ishe ta mako. Tana ba shi labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu a unguwa, yana cewa to, Mama. A Asabar da ta wuce ta nuna masa inda rufin ɗakin ke yoyo daga kusurwa. Ya hau kujera ya duba, ya ce kwano ɗaya ne ya ɗaga, zai zo da kafinta kafin ruwa ya sauka.